Ƙaramin fanni da satifiket: wanne zai taimaka mini samun aiki bayan digiri a Amurka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Katsina, ina shekara ta biyu a wata jami'ar jiha a Amurka, ina karanta tattalin arziki da bizar ɗalibai ta F-1. Tallafin da makaranta ta ba ni na zango takwas ne kacal. An ce kafin ƙarshen shekarar nan in zaɓi ƙaramin fanni idan ina so. Ƙawayena sun ce in ɗauki kimiyyar kwamfuta, Babana ya ce harkar kasuwanci, ni kuma raina yana kan Faransanci. Ga shi kuma ina ganin mutane suna ta yin satifiket na Google da PMP na gudanar da ayyuka. Burina in ɗan yi aiki a nan in samu gogewa, daga baya in koma gida. Wanne ne zai fi taimaka mini?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka, ya kuma saka wa Babanki da alheri da yake bin lamarin karatunki har zuwa wannan mataki.

Idan na fahimce ki, kina da gurbin darussa kusan shida da ba a cike ba a jadawalinki, kina da ɗan lokaci da ɗan kuɗi, kina so ki san inda za ki zuba su su haifar miki da aiki, a Amurka tukuna, sannan a gida. Na koyar da tattalin arziki a gida, na koyar a wata jami'ar jiha a Amurka inda aka ɗora mini ba ɗalibai shawara kan zaɓin darussa, kuma na sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Daga waɗannan kujeru uku zan ba ki amsa.

Bari in ɗan yi wa masu karatu na gida bayani, domin tsarin ya bambanta da namu. A Najeriya tun daga fom ɗin JAMB ɗalibi yake ɗaure da kwas ɗinsa, darussan zaɓi kaɗan ne. A Amurka digirin farko yakan ɗauki kiredit, wato ma'aunin nauyin darussa, kusan 120. Wani kaso na babban fanninka ne, wani kaso na darussan bai-ɗaya da kowa sai ya yi, sauran kuma a bar maka ka cike da abin da ka ga dama. Idan ka tattara wannan ragowar a fanni guda, galibi kiredit 15 zuwa 21, wato darussa biyar zuwa bakwai, sai makaranta ta rubuta maka shi a matsayin ƙaramin fanni, abin da suke kira maino. A jami'o'i da yawa ma ba ya fitowa a kan takardar digiri da ake sa wa a gilashi, sai dai a takardar sakamako.

Na faɗi wannan ne don ki san nauyinsa. A duk zaman ɗaukar ma'aikata da na yi, ban taɓa ganin an ɗauki mutum don sunan ƙaramin fanninsa ba. Layi ɗaya ne a CV, ido yakan wuce shi. Amma na sha ganin an ɗauki mutum saboda abin da darussan nan shida suka koya wa hannunsa, ranar da aka ajiye masa kwamfuta aka ce ga bayanai nan, nuna mana. Saboda haka ki daina tambayar wane suna ne zai fi kyau a takarda. Ki tambayi kanki: wane abu ne masu aikin da nake so suke nema, wanda digirina bai koya mini ba?

Kafin komai, ɗauko takardarki ta I-20

Wannan shi ne abin da ƙawayenki 'yan ƙasa ba za su gaya miki ba, don bai shafe su ba. Ke da kike da bizar F-1, izinin aikin da za ki samu bayan kammala karatu, wanda ake kira OPT, na wata 12 ne, kuma doka ta ce dole aikin ya kasance yana da alaƙa kai tsaye da babban fanninki. Ƙaramin fanni ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. Idan babban fannin yana cikin jerin fannonin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi da gwamnati ta amince da su, wato STEM, ana iya ƙara miki wata 24, ya zama shekara uku cif, muddin kamfanin da ya ɗauke ki yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin ma'aikata. Nan ma babban fanni ake dubawa.

Ni kaina sai da na yi kuskure kafin na san wannan. A shekarata ta farko ina ba da shawara, wani yaro ɗan Afirka ta Yamma mai karanta kimiyyar siyasa ya zo ofishina, na ƙarfafa masa gwiwa ya yi ƙaramin fanni a kwamfuta. Yaron haziƙi ne, ya yi, ya kuma iya. Da ya kammala har wani ɗan kamfani ya ba shi aikin rubuta manhaja. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje aka ce ya rubuta yadda aikin ya danganci digirinsa. Ya dawo wurina da takardar a hannu, muka zauna muka yi ta juya ta, babu ta inda rubuta manhajar sayar da kaya ya haɗu da kimiyyar siyasa. Aikin ya kuɓuce. Har yau idan na tuna yadda ya naɗe takardar nan ya sa a aljihu ya yi mini godiya ya fita, sai in ji ba daɗi, domin da na yi tambaya ɗaya tak shekara biyu kafin nan, da na ce masa ya mayar da kwamfutar babban fanni na biyu.

To ke a nan sa'a ta zo miki. Ki duba I-20 ɗinki, takardar da makaranta ta ba ki don neman biza, wurin da aka rubuta fannin karatu, za ki ga wata lamba kusa da shi. Idan 45.0601 ce, tattalin arziki ne na gama-gari, ba ya cikin STEM. Idan 45.0603 ce, wato tattalin arziki na ƙididdiga da lissafi, yana ciki. Jami'o'i da dama sun mayar da digirinsu na tattalin arziki ƙarƙashin lamba ta biyun, wasu kuma suna da layi biyu a sashe ɗaya: mai sauƙin lissafi da mai nauyin lissafi. Idan makarantarki tana da layi biyun, komawa mai lissafin ya fi duk wani ƙaramin fanni da duk wani satifiket da kika ambata daraja, domin bambancin shekara ɗaya ne da shekara uku. Kamfani ba ya son ya horar da mutum wata shida ya rabu da shi bayan wata shida. Da yawa daga cikinsu da sun ji wata 12 sai su ja da baya, da sun ji shekara uku sai a ci gaba da magana.

Ni malamin tattalin arziki ne, ba lauyan shige da fice ba, kuma waɗannan ƙa'idoji gwamnati takan taɓa su daga lokaci zuwa lokaci. Jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarki shi ne mai sa hannu a takardarki, maganarsa ce ta ƙarshe. Ki je ki same shi a zangon nan, kada ki bari sai shekarar ƙarshe.

Zaɓuɓɓukan nan uku, da na huɗu da ba ki ambata ba

Na Babanki zan fara ɗauka, cikin girmamawa. Tunaninsa daidai ne: yana so ilimin ya zama abin da ake ci da shi. Sai dai ƙaramin fanni a kasuwanci ga mai karanta tattalin arziki kusan maimaici ne. Darasin gabatarwa ne a tallace-tallace, gabatarwa a gudanarwa, gabatarwa a harkar kuɗi, kowanne a ɗan lasa a wuce. Mai ɗaukar aiki ya riga ya ɗauka cewa mai digirin tattalin arziki ya san kasuwa. Abu ɗaya nake so ki tsinta daga can: darasin akanta na farko, wanda zai koya miki karanta bayanan kuɗi na kamfani. Ki ɗauke shi shi kaɗai a matsayin darasin zaɓi. Idan kin yi wa Baba wannan bayani, ina kyautata zaton zai gamsu, tunda ba a yar da shawararsa ba.

Kimiyyar kwamfuta kuma, ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, tana da kasuwa. Amma ki buɗe kundin darussan makarantarku ki karanta da kanki. Darussanta sarƙa ce, wannan sai an ci wancan: gabatarwa ta ɗaya, ta biyu, tsarin ajiye bayanai, lissafin da ke ƙarƙashinsu, sannan a kai ga na sama. Ba a haɗa su a zango ɗaya. A manyan jami'o'in jiha kuma ajujuwan sukan cika, 'yan sashen ake fara ba wa gurbi, 'yan ƙaramin fanni su jira. Ke kuwa zango huɗu ko biyar suka rage miki, tallafinki kuma ba ya kai wa na tara. Idan darasi ɗaya ya kuɓuce miki a sarƙar, ko dai ki bar ƙaramin fannin a rabi, ko iyayenki su biya kuɗin zango guda da dala a farashin ɗalibin waje. Sannan rabin abin da za ki koya an tsara shi ne don mai son zama injiniyan manhaja. Idan wannan ne burinki, to ki yi shi a matsayin babban fanni na biyu, shi yana hawa I-20. Idan ba shi ba ne, kin sayi doki don zuwa maƙwabta.

Abin da nake ba ɗalibaina irinki shawara shi ne ƙididdiga, ko abin da wasu makarantu suke kira kimiyyar bayanai. Dalilina uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne, ayyukan da ake ba sabon mai digirin tattalin arziki, a banki ne, a kamfanin inshora ne, a cibiyar bincike ne, kusan duk aikin nazarin bayanai ne. Ki gwada da kanki: ki buɗe shafin neman aiki na Handshake na makarantarku ko LinkedIn, ki tara tallan aiki ashirin waɗanda za ki so a ce ke aka ɗauka, ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin duk ƙwarewar da aka nema. Ina sa ɗalibaina su yi wannan a gabana. Kafin su kai talla na goma sun ga kalmomin da ke ta dawowa: Excel, SQL, sai R ko Python ko Stata, duk kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta, sai iya rubuta rahoto. Gani ya kori ji. Na biyu, darussan suna cuɗanya da naki. Kalkulas da ƙididdigar farko wataƙila kin riga kin yi su, kuma idan kin koma layin 45.0603 wasu za a ƙirga miki su a ɓangare biyu, gwargwadon abin da makaranta ta yarda. Aikin da za su kai ki gare shi kuma yana da alaƙa da babban fanninki, babu wahalar bayani. Na uku, idan wata rana kin nemi digiri na biyu a tattalin arziki, abin da za a fara dubawa a takardar sakamakonki shi ne lissafi: kalkulas, aljabara, da darasin lissafin yiwuwar aukuwar abu.

Sai Faransanci, abin da ranki yake so. Ba zan ce ki bar shi ba, ko kusa. 'Yar Katsina ba ta buƙatar a gaya mata amfaninsa, Maraɗi tana nan kusa da ku. Bankin Raya Afirka da ke Abidjan da Turanci da Faransanci yake aiki, hedikwatar ECOWAS tana Abuja kuma Faransanci yana cikin harsunanta. Mai tattalin arziki da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci, ta kuma iya bayanai, ba a samun irinta a ko'ina. Amma harshe yana da wata hanya da ta fi ƙaramin fanni. Ƙaramin fanni a Faransanci yakan ƙare ne a darussan adabi da al'adu, kuma bai tabbatar wa kowa cewa kina iya zama a taro ki yi magana ba. Abin da ke tabbatarwa shi ne jarrabawar DELF, wadda ma'aikatar ilimi ta Faransa ke ba da shaidarta. Matakin B2 shi ne wanda ake girmamawa, kuma ba ya ƙarewa, na har abada ne. Idan makarantarku tana wajabta darussan harshen waje cikin na bai-ɗaya, ki cike su da Faransanci, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ki ci gaba da ɗaukar darasi guda a duk zangon da ya samu, ki zauna DELF idan kin shirya, a can ko a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française bayan kin dawo. Amma kada ki ce za ki yi ƙananan fannoni biyu. Ba a tauna taura biyu, kuma makin da zai zube a ƙoƙarin hakan ya fi layin da za ki ƙara a CV tsada, musamman tunda irin waɗannan tallafin karatu sukan zo da sharaɗin maki.

Maganar satifiket

Kalma ɗaya ce amma abubuwa daban-daban ne a ƙarƙashinta, shi ya sa mutane suke ruɗewa. Akwai wanda jami'a ke bayarwa bayan darussa huɗu ko biyar, wannan ƙanen ƙaramin fanni ne, hukuncinsu ɗaya. Akwai na kammala kwas a intanet. Akwai kuma wanda sai an zauna jarrabawa ana sa wa mutum ido, ana iya faɗuwa. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne: satifiket ɗin da ba a faɗuwa a cikinsa, mai ɗaukar aiki ma ya san ba a faɗuwa.

PMP ki cire shi daga lissafi yanzu. Cibiyar PMI da ke ba da shi tana neman mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar ayyuka kafin ma a bar shi ya zauna jarrabawar. Na ma'aikata ne da suka kwana biyu. Suna da ƙaraminsa, CAPM, wanda ɗalibi zai iya yi, amma ban ga abin da zai ƙara miki a wannan mataki ba.

Na Google na nazarin bayanai, wanda ya fito a shafin karatu na intanet na Coursera a 2021, kwas ne mai kyau ga wanda bai taɓa taɓa bayanai ba. Yana koyar da SQL da manhajar zana bayanai ta Tableau da tsaftace bayanai, abubuwan da sassan tattalin arziki da yawa ba sa koyarwa. Ki yi shi a hutun bazara don ilimin da ke ciki. Ki tambaya a laburare tukuna, domin wasu makarantu suna ba ɗalibansu damar irin waɗannan kwasa-kwasai kyauta. Amma takardar kanta ba ta da nauyi sosai, mutane masu ɗimbin yawa suna da ita. Idan kina son shaidar da aka yi jarrabawa a kanta, ta Microsoft a kan manhajar nazarin bayanai ta Power BI, mai lamba PL-300, ta fi ƙarfi, kuma na ga ana neman Power BI a tallan aiki a can da kuma a ƙungiyoyin agaji a gida. CFA kuwa, satifiket ɗin masu nazarin harkar kuɗi, sai idan kin tabbata harkar zuba jari za ki shiga. Mataki uku ne, kowanne yana cin sa'o'i kusan 300 na karatu, ga tsada. Ba abin da ake shiga don a gwada ba ne.

Na taɓa zama a wani kwamiti a Abuja muna neman mai nazarin bayanai. Wani ya zo da CV shafi huɗu, shafi guda cur satifiket ne, sun fi goma. Muka ba shi fayil na Excel mai layi dubu biyu na farashin kayan abinci, muka ce ya fitar mana da matsakaicin farashin kowace jiha. Ya fara jan linzamin kwamfuta yana zaɓar layuka ɗaya bayan ɗaya, gumi yana tsattsafo masa. Bayansa wata yarinya ta shigo, satifiket ɗinta ɗaya. Minti uku ta gama, sannan ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, an rubuta Nasarawa iri biyu a fayil ɗin, wani da s ɗaya wani da biyu, na haɗe su." Babu wanda ya ce mata ta duba. Ita muka ɗauka, kuma babu gardama a kwamitin.

Saboda haka duk abin da kika koya, ki mayar da shi aikin da za a iya gani. Kina da abin da 'yan ajinku ba su da shi: kin san ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin kayan abinci, Bankin Duniya kuma ya sa bayanan binciken gidaje na Najeriya, wanda aka fara tun 2010, a shafinsa ga duk mai so. Ki ɗauki tambaya guda da ta dame ki, misali yadda farashin gero ko masara yake hawa da sauka tsakanin kaka da bazara a jihohin Arewa maso Yamma, ki yi nazarinta, ki zana taswirori, ki rubuta shafi uku da kowa zai gane. A ganawar neman aiki wannan zai ba ki abin faɗa na minti goma, kuma ke kaɗai ce za ki zo da shi.

Abin da ya fi wannan ma shi ne sanin makamar aiki a hutun bazara na bayan shekara ta uku. Da izinin CPT ake yinsa, wato izinin aikin horo kafin a kammala karatu, wanda ake bayarwa bayan ɗalibi ya cika shekara guda yana karatu, shi ma kuma dole ya danganci babban fanni. Manyan bankuna da kamfanoni sukan buɗe neman gurbin tun kusan shekara guda kafin lokacin, don haka farkon shekararki ta uku ya kamata a ce CV ɗinki a shirye yake. Idan hakan bai samu ba, ki je wurin malamin da kika fi jin daɗin darasinsa ki ce kina son taya shi bincike. Aikin cikin makaranta ne, bizarki ta yarda da shi har sa'a 20 a mako lokacin karatu, kuma daga nan wasiƙar shaida mai ƙarfi take fitowa.

Ranar komawa gida

A Najeriya ba a san ƙaramin fanni ba sosai. Tallan aikin gwamnati da na bankuna sunan digiri suke dubawa, da matsayin sakamako, da takardar hidimar ƙasa. Idan kin kammala kina ƙasa da shekara 30, NYSC tana jiranki, kuma masu digirin waje sai an tantance takardunsu, don haka ki karɓi takardar sakamakonki ta asali kafin ki baro. Wannan ma wani dalili ne na kare makinki. Abin da zai yi miki magana a gida shi ne ƙwarewar kanta: sassan sa ido da auna ayyuka na ƙungiyoyin raya ƙasa a Abuja da Kano da Maiduguri kullum suna neman wanda ya iya Stata ko R, ya iya tsara tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, kuma zai iya zama da matan ƙauye ya yi musu tambaya da Hausa. Manyan wurare irin Bankin Raya Afirka da Bankin Duniya kuwa, shirye-shiryensu na matasan ƙwararru digiri na biyu suke nema, nan kuma lissafin da kika tara da DELF ɗinki za su yi rana.

A makon nan ki yi ziyara biyu. Ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje da I-20 a hannu ki tambayi lambar fanninki da ko akwai hanyar komawa 45.0603. Daga nan ki wuce wurin mai ba ki shawara a sashe, ki ce ya zana miki sauran zangunanki ɗaya bayan ɗaya tare da darussan ƙididdiga a ciki, ku ga ko sun shiga cikin takwas ɗin ba tare da kin wuce kiredit 15 ko 16 a zango ba. Idan sun shiga, ki cike fom ɗin. Idan ba su shiga ba, ki bar sunan ƙaramin fannin, ki ɗauki uku mafi amfani daga cikinsu a matsayin darussan zaɓi. Ki rubuto mini abin da suka ce, musamman maganar lambar. Ki gaishe da Baba.